Farantan SrTiO3 masu gyararriyar fuska: sun cancanci kuɗinsu?

Duk mai shimfiɗa siririn oksaid domin nazarin yadda ƙwayoyin zarra ke jeruwa a fuskar sinadarai masu ginin hawa-hawa, irin su Sr2IrO4, ya san cewa rabin aikin yana ga farantin da za a ɗora shimfiɗar a kai. Farantan SrTiO3 (kristal na strontium, titanium da oksijin) masu fuskar (001), wato waɗanda aka yanka daidai da hawa-hawan kristal ɗin, da ɗakin bincikenmu ke saye, masu faɗin milimita 10 sau 10 da kaurin rabin milimita, suna zuwa an riga an gyara su, hawan TiO2 kaɗai ne a sama.

Wannan gyara shi ne abin da ake biya. A cikin kristal ɗin, hawan SrO da na TiO2 ne ke bin juna, kuma idan gogewa kawai aka yi, fuskar takan fito a gauraye. Hanyar da Kawasaki da abokan aikinsa suka bayyana a 1994 ita ce wanke farantin da ruwan asid na HF da aka sassauta, wanda ke cinye SrO ya bar TiO2, sannan akan gasa shi cikin iskar oksijin a zafin da ya kai wajen digiri 950 na ma'aunin Celsius. HF kuwa yana ratsa fata har ya taɓa ƙashi, saboda haka raba ɗalibi da shi ya isa dalilin ƙarin farashi.

A ƙarƙashin na'urar AFM, wadda ke shafa fuska da ɗan tsinke tana auna tudu da kwarinta, farantan sun nuna matakala a jere, santala-santala, tsayin kowane mataki nanomita 0.39, wato tubali guda na kristal ɗin. Da aka fara harba leza domin ɗora shimfiɗar, hasken RHEED, na'urar da ke harba elektron kan fuskar domin bin yadda shimfiɗar ke girma, ya riƙa dusashewa yana dawowa daidai, alamar cewa hawa na cika kafin wani ya fara.

Inda farantan suka gaza shi ne karkatar yanka, wato ɗan kaucewar fuskar da aka yanka daga hawan kristal ɗin. Karkata ta digiri 0.1 tana ba da matakai masu faɗin kusan nanomita 220, amma a akwati guda mun tarar da faranti mai matakai matsattsu ƙwarai, kuma ba a nuna inda karkatar ta fuskanta ba. Ga ginin hawa-hawa wannan ba ƙaramar illa ba ce, domin tsayin matakin bai yi daidai da na hawan shimfiɗar ba, don haka kowane mataki na iya haifar da tabo inda ɓangarori biyu suka haɗu a saɓe. Wajibi ne a duba kowane faranti kafin a sa shi a injin shimfiɗa. Mai niyyar aiki da STM kuma, na'urar da ke duba fuska ta hanyar lantarkin da ke ratsawa tsakaninta da tsinke, ya nemi farantin da aka sa wa sinadarin niobium (Nb), domin SrTiO3 zalla ba ya ɗaukar lantarki.