MLB Pipeline: inda nake bin zaɓen matasan 'yan besbol, da abin da jerin sunayensa ba ya faɗa

Duk wanda yake son fahimtar yadda ƙungiyoyin besbol na Amurka ke ɗibar matasan 'yan wasa daga makarantu, ba tare da ya cire ko sisi daga aljihunsa ba, to ya fara da MLB Pipeline. Sashe ne a MLB.com, shafin babbar gasar besbol ta Amurka (MLB), kuma kyauta ne. Tun ina karatu a Pittsburgh nake amfani da shi, na dawo gida ban daina ba. Sai dai akwai yadda ake karanta shi. Wanda ya ɗauka lambar da suka ba yaro a jerinsu ita ce lambar da za a kira shi ranar zaɓe, zai kwana yana mamaki.

Ni magoyin bayan Pittsburgh Pirates ne, ƙungiyar da ta yi shekara 20 a jere, daga 1993 zuwa 2012, kowace kaka rashin nasararta ya fi nasararta yawa. Mai bin irin wannan ƙungiya ba shi da bikin da ya wuce ranar zaɓe, domin a tsarinsu ƙungiyoyin da suka fi rashin nasara su ke kan gaba wajen ɗiba. Mu da muka tashi da ƙwallon ƙafa mun saba mai kuɗi ya saye yaron da yake so tun yana ɗan shekara 16. A can yaron ba shi da ta cewa kan inda zai je: ƙungiyar da ta kira sunansa ita kaɗai ke da ikon ƙulla yarjejeniya da shi, in bai yarda ba sai ya koma makaranta ya jira wani zaɓen. An fara wannan tsari a 1965, wanda aka fara kira kuwa shi ne Rick Monday na jami'ar Arizona State, Kansas City Athletics ta ɗauke shi. Da zagaye 40 ake yi, a 2020 annobar korona ta sa aka yi biyar kacal, daga 2021 aka tsaya a kan 20, aka kuma mayar da zaɓen watan Yuli, makon wasan taurari. Daga zaɓen 2023 gurabe shida na farko ƙuri'a ake jefawa a kansu tsakanin ƙungiyoyi 18 da ba su kai wasannin ƙarshen kaka ba, don kada wata ta riƙa faɗuwa da gangan. Pirates ce ta ci ƙuri'ar farko, ta ɗauki Paul Skenes. A wannan daren ban yi barcin kirki ba.

Zuciyar Pipeline ita ce jerin matasan da ake sa ran za a zaɓa. Suna fitar da mutum 100 a watan Disamba, su riƙa faɗaɗawa yayin da kakar makarantu ke tafiya, kafin zaɓe ya kai 250. Ka taɓa sunan yaro, shafinsa ya buɗe: makarantarsa, shekarunsa, tsayi da nauyi, hannun da yake jifa da wanda yake bugu, bidiyo, sannan maki da rahoto. Makin yana tafiya daga 20 zuwa 80, kuma 50 shi ne matsakaicin ɗan wasan babban rukuni, wato MLB, ba matsakaicin ɗan makaranta ba, wannan a kula. Ga mai bugu ana auna abu biyar: iya samun ƙwallo da sanda, ƙarfin bugun, gudu, ƙarfin hannu, da tsaron fili. Ga mai jifa kuwa kowane irin jifansa da makinsa, sai na saiti. Skenes 80 suka ba shi a jifa mai gudu, abin da ba kasafai ake gani ba, kuma bai ba su kunya ba: a watan Mayun 2024 ya shigo babban rukuni, a Yulin shekarar shi ya fara jifa a wasan taurari.

Rahoton shi ne abin da ya fi riƙe ni. Sakin layi uku ne galibi, na farko tarihin yaron, na biyu abin da ya iya, na uku inda yake da gyara da inda ake ganin zai tsaya a fili. Jim Callis da Jonathan Mayo su ne ginshiƙan aikin, sun raba jihohin ƙasar a tsakaninsu, kuma sun shafe shekaru suna magana da masu farautar 'yan wasa na ƙungiyoyi. Callis a mujallar Baseball America ya daɗe kafin ya komo nan a 2013. Ana jin gogewar a rubutun. Ba sa cika ka da alƙaluma, za su ce maka yaron nan yana bin ƙwallon da ta kauce, ko kafaɗarsa ta taɓa ba shi matsala, ko ya riga ya yi wa wata jami'a alkawari don haka raba shi da ita sai da tsada. Wannan jimla ta ƙarshe, in ka gan ta, ka tsaya ka sake karantawa, don nan maganar take.

Maganar kuɗi ce. Kowane gurbi a zagaye goma na farko yana da adadin da hukumar gasar ta yanka masa. Ana tara na ƙungiya gaba ɗaya ya zama kasonta na shekara. Tana iya ba wannan yaro fiye da kuɗin gurbinsa ta ba wancan ƙasa, amma jimillar kada ta zarce kason. In ta zarce da abin da bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba, harajin kashi 75 cikin ɗari za ta biya a kan rarar. In ta haura haka, sai a fara ƙwace mata gurbin zagayen farko na baɗi, shi ya sa kowa ke tsayawa a bakin layin. Daga zagaye na 11 zuwa na 20 ana iya ba yaro har dala 150,000 ba a lissafa a kason ba. Kamar kuɗin cefane ne da maigida ya ajiye da safe: in aka zuba rabinsa a nama, kayan miya za su ji a jikinsu.

To a nan ne jerin lambobin ke yaudarar sabon shiga. A 2025 Pipeline ta sa Ethan Holliday a na ɗaya, ƙanin Jackson Holliday wanda Baltimore Orioles ta fara ɗauka a 2022. Washington Nationals ce ke da gurbin farko, sai ta kira Eli Willits, ɗan sakandare daga Oklahoma mai shekara 17, wanda yake na biyar a jerin. Kuɗin gurbin ya haura dala miliyan 11, Willits ya sa hannu a kan miliyan 8.2. Holliday ya faɗo na huɗu, Colorado Rockies ta ba shi miliyan 9. Wato wanda aka kira na huɗu ya fi na farko kwasar kuɗi, Nationals kuma ta tsira da kusan miliyan uku da ta zuba wa wasu yaran a zagayen gaba. Los Angeles Angels ma a gurbi na biyu ta ɗauki Tyler Bremner, wanda ko goman farko bai shiga ba a jerin. Ba kuskure Pipeline ta yi ba. Ita gwaninta take aunawa, ƙungiyoyi kuwa gwaninta da farashi suke haɗawa.

Mu a Pittsburgh mun ga irin wannan a 2021. Aka ɗauki Henry Davis na jami'ar Louisville a gurbin farko kan dala miliyan 6.5, alhali gurbin ya kai kusan miliyan 8.4. Da rarar aka janyo Bubba Chandler a zagaye na uku, aka ba shi miliyan 3 don ya fasa zuwa jami'ar Clemson. Houston Astros ta riga kowa nuna hanyar a 2012, shekarar da aka fara tsarin kaso, da ta ba Carlos Correa miliyan 4.8 ta ajiye sauran wa Lance McCullers Jr. Ɗaya gefen wannan dabara ba shi da daɗin gani. Wajen zagaye na bakwai zuwa na goma za ka ga ana ta kiran ɗaliban ajin ƙarshe na jami'a, waɗanda ba su da makarantar komawa balle su yi ciniki, ana ba su 'yan dubunnan daloli a gurbin da aka yanka masa fiye da dubu ɗari. Guminsu ne ke biyan tsadar yaran sakandare.

Duk wannan bayani yana nan a Pipeline, ba su ɓoye ba. Callis yana fitar da lissafin kason kowace ƙungiya duk shekara, kuma bayan zaɓe yana bin wanda ya sa hannu da nawa aka ba shi. Aibin shi ne a warwatse yake. Shafin jerin sunaye, wanda kowa ke fara buɗewa, ba ya gaya maka cewa akwai wani lissafi a bayan fage. Da sun ajiye gajeren bayani a samansa, da sun taimaki baƙo.

Aibi na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ba na jin zai gyaru. Pipeline mallakar gasar ce, gasar kuma ta masu ƙungiyoyin ce. Rahotanninsu gaskiya suke faɗa, amma da lallashi. Da wuya ka karanta an ce yaro ba zai kai ba, sai dai a ce in ya gyara kaza zai iya zama kaza. Makin jimilla na yawancin mutanen jerin ya taru tsakanin 40 da 55, har ka rasa bambancin na 90 da na 190. Alhali mafi yawan waɗanda ake zaɓa a ƙananan rukunai suke ƙarewa. Ko gurbin farko ba tabbas ba ne: Mark Appel, na ɗaya a 2013, sai 2022 ya taka babban rukuni, Brady Aiken na 2014 ko hannu bai sa wa Astros ba bayan gwajin lafiyar gwiwar hannunsa, kuma bai taɓa kaiwa ba. Mike Trout kuwa sai da aka kira mutum 24 kafin shi a 2009, Albert Pujols a zagaye na 13 aka same shi a 1999, Mike Piazza a na 62 a 1988, zagayen da yanzu babu shi. Mai neman wanda zai faɗi ra'ayinsa ba sani ba sabo ya leƙa FanGraphs wajen Eric Longenhagen, ko Keith Law a The Athletic. Baseball America tana kai jerinta har 500, ta fi zurfi a zagayen baya, amma ita da The Athletic sai da kuɗin rajista.

Akwai tambayar da 'yan'uwa ke yawan yi mini in zance ya zo nan: yaronmu zai iya shiga? Daga gida dai a'a. Zaɓen na mazauna Amurka ne da Kanada da yankunan Amurka irin su Puerto Rico, da kuma baƙon da ke karatu a makarantunsu, kamar Travis Bazzana ɗan Ostireliya da Cleveland Guardians ta fara ɗauka a 2024 daga jami'ar Oregon State. Demi Orimoloye a Legas aka haife shi, amma a Kanada ya girma, shi ya sa Milwaukee Brewers ta iya zaɓensa a zagaye na huɗu a 2015. Sauran duniya ta wata ƙofar suke bi, ana ƙulla yarjejeniya da su kai tsaye daga shekara 16. Ta nan Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya bi, ya zama haifaffen Afirka na farko a babban rukuni a 2017, da rigar Pirates, ta nan kuma 'yan Yuganda suka fara shiga a 'yan shekarun nan. Pipeline tana da jeri na daban don waɗannan, galibinsa 'yan Jamhuriyar Dominika da Benezuwela ne.

Ranar zaɓen kanta, shafin bin diddigi yana aikinsa: ana kiran suna yana fitowa, kana iya tacewa da ƙungiya ko zagaye ko makaranta, kuma yana nuna lambar yaron a jerinsu, nan take ka ga wanda ya faɗo da wanda aka ɗauka da wuri. Hasashen zaɓen da Callis da Mayo ke yi kafin ranar, karanta dalilan da suka bayar ya fi amfani a kan ƙirga nawa suka canka. Ana fara daren farko da yamma agogon New York, kuma awa biyar ce tsakaninsu da mu a Yuli, saboda haka wajen sha ɗaya ko sha biyun dare yake kamawa a Kano. Rana ta biyu ta fi sauƙi, da yammacinmu take farawa. Komai da Turanci yake, cike da kalmomin 'yan sana'ar, sai an yi haƙuri da shi a farko. Bidiyon yana shan data, kuma yawancinsa 'yan daƙiƙoƙin bajinta ne da ba sa koya maka komai, mai lallaɓa data ya tsaya a rubutun bai yi asara ba. In za ka fara, fara da jerin Disamba, ka zaɓi yara biyar ka bi su har Yuli, ka kuma buɗe lissafin kason ƙungiyoyi a gefe kafin shugaban gasar, Rob Manfred, ya hau mumbari ya kira sunan farko.