Baƙin Ƙyallen da Ya Kunyata Ni a Jamus

'Yan uwa na Birnin Kebbi da Jega, ina gaisuwa. Tunda kun dame ni da tambayar aikin da nake yi a nan, to ga shi.

A ƙarƙashin wata gada muke aiki, shugaban aiki ya nuna min wani naɗi ya ce in miƙo, wai da shi za a ƙarfafa ginshiƙan. Ni da na saba da dakon rodi a gida, na gyara tsayuwa, na yi bisimilla, na yunƙura da duk ƙarfina. Sai ga ni zaune a ƙasa, abin a ƙirjina, Turawa na ta dariya. Ashe yaro ma zai ɗauka.

Zaren kabon ne aka saƙa. Kowane sili bai wuce kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Daga wani zaren roba ake yinsa, a gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000 ba tare da iska ba. Nauyinsa bai kai rubu'in na ƙarfe ba, ya fi ƙarfe jure ja, kuma tsatsa ba ta san da shi ba. Sai a goge kankare tas, a shafa gam, a naɗe ginshiƙin kamar yadda maɗori ke ɗaure karaya. Tun 1991 aka fara gyaran gada da shi a Suwizalan, Japan kuma ta rungume shi bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995.

Amma fa ɗan rigima ne. Ƙurarsa in ta shiga wuyan riga, kwana za ka yi kana susa. Yana ɗaukar lantarki, har injin yanka yana iya lalatawa. Ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi irin na rodi, in ya gaji tsinkewa kawai yake. Ga gam ɗin da ba ya son sanyi, shugaban aiki na ta auna zafin kankare, mu muna daskarewa, ni ina tuna gasasshen kifin Yawuri.

Abin da ya tsaya min a rai, gadar nan lafiyarta lau a idona. Ɗan tsagin da ko farce ba zai shiga ba suka gani. Mu kuwa kowace damina ruwa na cin gindin gada muna kallo, sai ta rufta da motar shinkafa a fara jaje. Da za a kawo wannan kaya gida ma, wallahi ɗan kwangila sai ya tsinka gam ɗin da fetur don ya yi auki.