An yi mini aikin ido da gam, babu ɗinki

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. Wanda ya san ni ya san naman nan da ya daɗe yana rarrafe daga kusurwar idona ta wajen hanci yana nufar baƙin ido, wanda likitoci ke kira terijiyam. To an cire shi a nan Suwidin, kuma ko zare ɗaya ba a sa mini ba. Da gam aka liƙe wurin.

Kafin yabo bari in sauke ƙorafi. Ganin likitan ido a ƙasar nan sai mai dogon haƙuri. Ka fara da ƙaramin asibitin unguwa, su rubuta takardar tura ka gaba, ka koma gida kana leƙen akwatin wasiƙa. Ƙa'idarsu ta ce kada jiran ganin ƙwararre ya wuce kwana 90, sannan wasu kwana 90 kafin a yi aikin, kuma a wurinsu wannan gata ne. Ido ya yi ja, yana ƙaiƙayi, kai kuwa an ce ka jira. Da na samu ganin likitar sai ta tambaye ni inda na tashi, ta ce hasken rana da ƙura da iska ne suka haifar da naman, shi ya sa ya fi yawa a ƙasashe masu zafi. Ta faɗi haka ne a watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa a Stockholm kafin ƙarfe 3. Ranar da ake ɗora wa laifin, ni kewarta nake yi.

Aikin kansa ina farke aka yi shi. An ɗiga mini maganin kashe zafi, aka sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon a buɗe, fitila tana haske har ba na ganin komai sai inuwar hannu. Likitar ta kankare naman, sannan ta yanko ɗan siririn tantani daga farin idon, can sama inda fatar ido ke rufewa, domin ta rufe gurbin da shi. Nan ne na yi ta sauraron a ce a miƙo allura. Sai na ji sanyin ɗigo, ta ja tantanin ta shimfiɗa, ta daidaita gefe da gefe, ta ce kada in motsa ido. Jim kaɗan ta ce an gama.

Daga baya ta nuna mini abin. Sirinji ne mai bututu biyu, sunansa Tisseel. Bututu ɗaya na ɗauke da faibirinojin, ɗayan da torombin, dukansu an tace su ne daga ruwan jinin mutane. Su ne dai sinadaran da ke sa jini ya daskare idan ka yanke, to idan suka haɗu a kan ido sai su yi wannan daskarewar su kama tantanin. Cikin mako ɗaya zuwa biyu jiki ya narkar da shi, lokacin nama ya riga ya kama nama. Saboda daga jinin mutane yake, sai da aka yi mini bayani aka nemi yardata, kuma na ji daɗin hakan.

Na san ɗinki, domin na ga yadda Kawu ya sha fama. Zaren ya fi gashi siriri, amma kullum cewa yake kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye ba ya tsayawa, ga fargabar ranar cire zare. Ni ma na ji zafi a daren farko, don wurin da aka kankare a baƙin ido rauni ne, gam ba ya hana shi ciwo. Amma wannan sukar ta zare a duk ƙiftawa ban san ta ba.

Ashe ma dabarar ta yi suna ne daga nan. A 2004 wani likita mai suna Koranyi da abokan aikinsa a Stockholm suka wallafa sakamakon liƙa tantanin da gam, daga nan ta bazu. A 2016 masu bitar bincike na Cochrane suka tattara gwaje-gwaje, suka ga gam yana rage lokacin aiki, kuma da alama naman bai cika dawowa ba. Sun kuma ga tantanin yakan iya zamewa, shi ya sa aka yi ta ja mini kunne kada in murza ido. Ga tsada, ga shi a daskare ake ajiye shi sai za a yi aiki a narkar, wato dole firiza ta kwana da wuta. Kun ga inda gizo ke saƙar.

Duk da haka ba rashin gam ne ke ci mini rai game da gida ba. Mutum ya ga nama yana cin idonsa shekara da shekaru, maimakon asibiti sai ya sayi maganin ɗigawa mai sitiroyid don jan ya lafa, ya yi ta zubawa ba likita ba awo. Wannan magani yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, naman kuma yana nan daram. Wanda ya sa baƙin tabarau da hula mai baki kuwa a ce yana ƙwalisa. Sannan in an kai ga tiyata ba ma tambaya. Kankare naman kawai a bar farin ido tsirara shi ne ya fi sa ya dawo, wani lokaci ma ya fi na da muni. Dasa tantanin shi ne babban aiki, da zare ko da gam. Akwai ma likitoci, musamman a Indiya, da ke barin jinin mara lafiyar da kansa ya daskare ya riƙe tantanin, babu zare babu gam na saye.

Yaya, na ji an ce ɗayan idon Kawu ma ya fara. Don Allah in za ku kai shi, ki tambayi likitan ko zai dasa tantani bayan ya cire naman, kuma ki karɓe kwalaben maganin ɗigawar nan da ke wurinsa ki nuna wa likitan.