Sharhi kan na'urar ResMed AirSense 10 da alƙaluman da take nunawa da safe

Na'urar AirSense 10 ta kamfanin ResMed, wadda ta shiga kasuwa a shekarar 2014, tana daga cikin na'urorin da likitoci suka fi rubuta wa masu fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci, wato mutanen da maƙogwaronsu ke rufewa suna tsaka da minshari har su farka a firgice suna neman iska. Aikinta shi ne tura iska ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke kan hanci domin hanyar numfashi ta zauna a buɗe, dabarar da likita Colin Sullivan ya bayyana wa duniya daga Sidni ta Ostireliya a 1981. Ta wannan fuska na'urar ba ta da makusa: ba ta da ƙara, kuma samfurin AutoSet yana ƙara matsin iska ko ya rage shi da kansa tsakanin santimita 4 zuwa 20 na ruwa (ma'aunin da ake auna matsin iska da shi) gwargwadon buƙatar mai barci. Inda ake samun ruɗani shi ne rahoton da take nunawa idan gari ya waye.

Lambar da kowa ya fi zuba wa ido ita ce AHI, wadda ke nuna sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai na tsawon daƙiƙa 10 ko fiye a cikin kowace sa'a. A ma'aunin likitoci, ƙasa da 5 shi ne daidai, daga 5 zuwa 15 ciwon mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani. Saboda haka wanda aka gwada shi aka samu 40, sannan na'urar ta mayar da shi 2 ko 3, maganin yana aiki, kuma babu dalilin da zai sa ya tayar da hankalinsa don bai ga sifili ba, domin ko mai cikakkiyar lafiya numfashinsa yakan ɗan tsaya idan ya juya a kan gado. Sai dai na'urar ba ta san ko mutum yana barci ko idonsa biyu ba. Tana raba adadin abin da ta ƙirga ne da tsawon lokacin da take kunne, don haka wanda ya kwanta da takunkumi yana duba waya na sa'a guda zai samu lambar da ba ta yi daidai da ainihin barcinsa ba.

A ganina, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne zurarewar iska, tun kafin a kalli AHI. Kamfanin ya sanya lita 24 a minti a matsayin iyaka, kuma allon yana nuna fuskar murmushi koriya idan takunkumin ya zauna da kyau, ja idan bai zauna ba. Idan iska tana gudu ta gefen kumatu, ko ta baki ga mai barci baki buɗe da takunkumin hanci kaɗai, na'urar ba ta iya jin numfashi yadda ya kamata, sai ta ba da lamba mai daɗin gani alhali mutum ya tashi da ciwon kai, bakinsa a bushe ƙamas, shatin madauri kwance a kumatunsa. Wannan fuskar murmushi ta taƙaita al'amarin fiye da kima, domin ba ta faɗin lokacin da iskar ta zurare, kuma yawan bayanin da allon ke nunawa ya danganta ne da yadda likita ko mai sayarwa ya saita ta.

Cikakken bayanin yana cikin katin ajiya da ke gefen na'urar. Wanda ya sa katin a kwamfuta ya buɗe shi da manhajar OSCAR, wadda kyauta ce, zai ga kowane numfashi na daren a zane. A can ne ake ganin yawan numfashi a minti, wanda ga baligi yakan kasance tsakanin 12 zuwa 20, da yawan iskar da ake shaƙa a numfashi ɗaya, kimanin mililita 500 ga mai matsakaicin jiki, ƙasa da haka ga ƙaramin mutum. Haka nan ana ganin bambanci tsakanin tsayawar numfashi saboda toshewar maƙogwaro da wadda ke faruwa hanya a buɗe saboda ƙwaƙwalwa ba ta aika umarni ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin ƙara matsin iska yana maganin ta farko amma yana iya tsananta ta biyun, shi ya sa sauya saiti aikin likita ne.

Na'urar ba ta auna iskar oksijin da ke cikin jini sai an haɗa ta da ma'aunin da ake maƙalawa a yatsa, wanda ake saye daban. Wanda ma'auninsa ke yawan sauka ƙasa da kashi 90 cikin ɗari da dare yana buƙatar komawa asibiti ko da AHI ɗinsa ya yi kyau.

Ga mai amfani da ita a Kano ko Maradi, matsalar farko ita ce wutar lantarki, domin idan an ɗauke wuta da tsakar dare maganin ya tsaya ke nan, kuma rahoton zai nuna sa'o'i kaɗan. Dole ne a tanadi inbata ko batir, kuma kashe na'urar ɗumama ruwa, wato sashen da ke sa wa iskar danshi, yana sa cajin ya daɗe, ko da yake a lokacin hunturu hanci yakan bushe idan babu ita. Ƙurar hunturu kuma tana mayar da farar matatar iska ruwan ƙasa cikin ɗan lokaci, saboda haka mai saye ya haɗa da matatai masu yawa tun daga farko, ya kuma tabbatar an ba shi katin ajiya a cikin na'urar.