Tattaki ko motsa jiki a tsakar gida?

Tun da ma'aikatan lafiya suka matsa da maganar hawan jini da ciwon suga, mata a ƙauyukanmu na wajen Ringim suke ta tambayata: a fita tattaki ne, ko a motsa jiki a tsakar gida? Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai ɗan ƙara masa numfashi.

Wajen kuɗi, duk kyauta ne, tattaki takalmi kawai yake ci. A wajen sauƙi ne suka bambanta. Matar kulle ba ta fita sai da izinin maigida, ga bakin mutane: "Ina zuwa da sassafe haka?" Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu mai tayar da asma. A gida kuwa, iyaka kishiya ko yara su yi dariya, kwana biyu su gaji. Daka da surfe da jan guga ma suna cikin lissafi, sai dai injin niƙa ya rage daka sosai, kuma yawan duƙawa na jawo ciwon baya.

Wajen ɗorewa na fi yarda da tattaki, musamman in ana tafiya bibbiyu, hira na ɗebe gajiya. Na gida saurin watsarwa gare shi.

Mai zuwa gona ko Islamiyya ta ƙara sauri a hanya, tattaki ya ishe ta. Amarya da matar kulle, tsakar gida ya fi musu. Mai ciki ta fara shawartar ma'aikaciyar awo.