Tafiyar jirgin ruwa zuwa kufan Smeerenburg: abin da na biya da abin da na samu

A watan Yuli na kama ɗaki a wani ƙaramin jirgin ruwa da ke ɗaukar baƙi daga Longyearbyen, babban garin tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, zuwa gaɓar arewa maso yammacin tsibirin Spitsbergen. Yawancin abokan tafiyata sun zo ne don ganin ƙanƙara da farin beyar, ni kuwa abin da ya kawo ni shi ne kufan sansanonin da Turawa suka kafa a ƙarni na 17 domin farautar kifin wel da narka kitsensa. Kuɗin tafiyar yana da nauyi ƙwarai, kuma ban yi nadamar biyansa ba, amma ya kamata mai niyyar zuwa ya san cewa darajar wannan hidima tana hannun jagoran da aka haɗa shi da shi, ba a cikin takardar tallan kamfanin take ba.

Takardar da aka aiko mini kafin tafiya ta kwatanta Smeerenburg, ɗaya daga cikin waɗannan sansanoni, a matsayin babban birni da ya taɓa ɗaukar dubban mutane, da shaguna da gidajen shaƙatawa. Wannan tsohon labari ne da marubuta suka daɗe suna kwafa daga juna, kuma tono ya riga ya rushe shi tun fiye da shekara 40 da suka wuce. Tsakanin 1979 da 1981 masana daga Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, ƙarƙashin jagorancin Louwrens Hacquebord, sun haƙa wurin, suka gano cewa gidajen da ke nan ba su kai 20 ba, kuma mutanen da ke aiki a lokacin da sansanin yake ganiyarsa kimanin 200 ne, su ma da bazara kawai suke zuwa. Na ji zafin ganin kamfanin da ke karɓar kuɗi da sunan nuna tarihi yana sayar wa mutane almarar da masana suka yi wahalar gyarawa, kuma na faɗa wa shugaban tafiyar haka tun a daren farko.

Wadda ta wanke kamfanin a idona ita ce jagorarmu, wata mata da ta karanci ilimin tono kayan tarihi. Tun kafin mu sauka ta tara mu a ɗakin cin abinci ta shimfiɗa labarin daga tushe. Willem Barentsz, matuƙin jirgi ɗan Holan, shi ne ya ga tsibirin a 1596, ya raɗa masa suna Spitsbergen saboda tsaunukansa masu tsini. Ingilawa suka fara farautar wel a can a 1611, kuma da yake ba su iya sana'ar ba, sai suka ɗauko hayar mutanen Bask na iyakar Faransa da Sifaniya, waɗanda suka gaji jifa da mashi kaka da kakanni. 'Yan Holan suka kafa nasu kamfanin, Noordsche Compagnie, a 1614, kuma su ne suka raya Smeerenburg a kan tsibirin Amsterdamøya, kusa da digiri 80 na arewa. Ma'anar sunan a harshensu ita ce garin kitse.

Aka sauke mu a kwalekwalen roba mai inji, bayan masu bindiga biyu sun riga mu zuwa gaɓa sun duba ko akwai beyar a kusa. Wanda ya zo da tunanin ganin ganuwa ko ginin da ya tsaya da ƙafarsa zai ji an cuce shi, domin abin da ido ke fara gani fili ne na yashi da tsakuwa, da itatuwan da teku ya kwaso ya zubar. Sai da jagorar ta tsayar da mu a gaban wani baƙin da'ira mai kama da kankare da ya farfashe, ta ce mu duba da kyau, sannan na gane abin da nake kallo. Wannan shi ne gurbin murhu. A kansa ake girka ƙatuwar tukunyar jan ƙarfe mai faɗin mita 2 zuwa 3, ana zuba yankakken kitse ana narkawa, man da ya tafaso ya zuba gefe kuma ya haɗu da yashi da tsakuwa ya daskare. Tukunyar ta tafi, bulon murhun ya watse, amma man da ya malala shi ne ya rage ya zana siffar gindin tukunyar har yau. Na durƙusa daga ɗan nesa na ga ƙananan duwatsu maƙale a cikin baƙin dunƙulen kamar gyaɗa a cikin alewa, na kuma tuna cewa hannun mutum ne ya juya wannan tukunya shekara kusan 400 da suka wuce, a cikin hayaƙi da wari da iska mai yanka fata.

A nan ne jagorar ta yi mana bayanin da ya fi tsaya mini a rai. Nau'in wel da ake farauta a wannan teku dabba ce mai shayarwa, ko da yake bakinmu ya saba kiranta kifi, kuma an zaɓe ta ne saboda ba ta da sauri, kitsenta yana da kauri ƙwarai, sannan idan ta mutu gawarta tana tasowa saman ruwa maimakon ta nutse. Ana janyo ta zuwa gaɓa a feɗe, a narka kitsen a ɗura a ganguna, a kai Turai inda ake kunna fitilu da shi, ana kuma yin sabulu. Faffaɗan ƙahon da ke bakinta a madadin haƙora shi ma kaya ne mai tsada, ana sa shi a rigunan mata don ya ɗaure ƙugu. Kowane gari da ke da hannun jari a kamfanin Noordsche Compagnie, irin su Amsterdam da Delft da Hoorn da Enkhuizen, yana da nasa murhu da nasa ɗakunan, shi ya sa gurabun suke jere a bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Cikin 'yan shekarun da ba su kai 50 ba aka ƙarar da dabbobin da ke shigowa cikin mashigun tekun, sai farautar ta koma can bakin ƙanƙara, ana yanka kitsen a cikin jirgi a kai shi gida a narka. Zuwa wajajen 1660 babu kowa a Smeerenburg.

Babban ƙorafina shi ne lokaci. Ba mu cika awa biyu a gaɓar ba, kuma kusan rabin wannan lokaci ya tafi wajen kallon garken walrus, waɗannan manyan dabbobin teku masu haure biyu da ke kwanciya a ƙarshen yashin. Ba na raina sha'awar masu son ganin dabba, amma jirgin yana da jagorori da dama, kuma da an raba mu gida biyu tun daga kwalekwale, da masu son kufai sun samu damar bin gurabun gidajen a natse. Na bar wurin ban ga ko rabin abin da jagorarmu ta ambata ba.

Washegari aka kai mu Gravneset a cikin mashigin Magdalenefjorden, inda akwai kaburbura kimanin 130 na mutanen da suka mutu a wannan sana'a. An kewaye maƙabartar ba a shiga, kuma na ga dacewar hakan. Ƙasar yankin a daskare take shekara da shekaru, ba ta haƙuwa da zurfi, don haka ake ajiye akwatin gawa kusa da sama a tara masa duwatsu don kada beyar da yanyawa su tono. Sanyin da ya hana a zurfafa kabari shi ne kuma ya adana abin da ke ciki. Jagorar ta nuna mana hotunan hulunan ulu saƙaƙƙu da aka samu a kan gawawwaki lokacin da aka tono wata maƙabartar a tsibirin Ytre Norskøya a 1980, waɗanda yanzu suke gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam. Kowace hula da launinta da zanenta, wasu da faci a jiki, domin idan mutum ya rufe jikinsa ruf saboda sanyi, da hularsa abokan aikinsa ke gane shi. Ƙasusuwan da yawa sun nuna alamun cutar da rashin ganye da 'ya'yan itatuwa ke haddasawa, wadda ke kumbura dasashi ta zubar da haƙora. Ita ce ta kashe mutum bakwai da aka bari su yi gadin Smeerenburg a hunturun 1634 zuwa 1635, bayan wasu bakwai sun yi irin wannan zama a shekarar da ta gabata sun tsira da ransu.

Game da kiyaye wuri, ma'aikatan jirgin sun cancanci yabo ba tare da ragi ba. Dokar Svalbard ta kare duk wani abin da ɗan Adam ya bari a can kafin 1946, ko da tsatsattsiyar ƙusa ce, kuma na ga yadda jagorar ta dakatar da wani dattijo cikin ladabi amma da ƙarfi, lokacin da ya miƙa hannu zai ɗaga wani guntun bulo don ya ɗauki hoto. Ta bayyana masa cewa abu yana ba da labari ne a inda yake kwance, kuma da zarar an gusar da shi, masanin da zai zo gobe ya yi asarar shaida.

Ɗakunan jirgin ƙanana ne amma da tsabta da ɗumi, kuma an ba mu aron takalman roba masu tsawo don sauka a ruwa. Na sanar da su tun da wuri cewa ba na cin naman alade, suka riƙa ba ni kifi da kayan lambu ba tare da na sake tunatarwa ba. Musulmi ya shirya wa abu guda: daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ba ta faɗuwa a can, don haka ya tambayi malaminsa yadda zai ƙaddara lokutan salla kafin ya bar gida. Haka kuma, ko da yake Svalbard ba ta neman biza, jirgin sama ta Oslo ko Tromsø yake bi, saboda haka mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Schengen, wato ta shiga rukunin ƙasashen Turai da Norwe ke ciki, mai shiga sau biyu, ɗaya ta zuwa ɗaya ta dawowa.

Shawarata ga mai son wannan tafiya don tarihi ita ce ya rubuta wa kamfanin kafin ya biya, ya tambaya ko akwai masanin tono a cikin jagororin, da kuma tsawon lokacin da aka ware wa Smeerenburg. Ya kuma isa Longyearbyen da kwana guda a gaba ya shiga gidan tarihi na Svalbard Museum, inda sashen farautar wel zai ba idonsa abin da zai nema a gaɓa. Ya yi gaggawa idan yana da hali, domin ƙasar da ta daskare ta fara saki, teku kuma yana cin gaɓa. A Likneset, maƙabarta mafi girma a yankin mai kaburbura fiye da 200, masana sun riga sun tono wasu daga cikin waɗanda ke bakin gangare don kada su rufta cikin ruwa. Mun wuce ta gabanta a jirgi ba mu sauka ba, jagorar ta miƙo mini madubin hangen nesa, na ga tarin duwatsun a jere, na gaba-gaba yana dab da bakin ramin.