Naira dubu 380 na tura masa, takardar firinta ya aiko min

Wallahi har yanzu in na tuna sai bacci ya gagare ni. Dubu 380 cif na tura wa wani mai sayar da hoton zanen Japan, a kan takardar da ko dubu biyu ba ta kai ba.

Kada wani ya zo yana ce min ban yi bincike ba. Na san mai zane Sharaku, na san wata goma kacal ya yi yana zana 'yan wasan kabuki, wato wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, daga 1794 zuwa 1795, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na san hoton da ya zana na ɗan wasa Otani Oniji na uku, mai murtuƙe fuska da yatsu a ware kamar zai shaƙe mutum, na asali suna gidajen tarihi irin na Tokyo da New York, ba a Instagram ba. Shi ma mai sayarwar bai ce na asali ba ne, nan ya same ni. Cewa ya yi, "Yallaɓai, ba zan yi maka ƙarya ba, maimaici ne amma tsoho, bugun katako da hannu." Ba zan yi maka ƙarya ba! Maganar nan ita ta sa na tura dubu 200 a daren. Sauran 180 ranar Laraba, ko Talata, kafin dai ya turo bidiyon da bai taɓa juya takardar ba.

Da na karɓo saƙon a tasha na juya bayanta, fari fat. Bugun katako, wato a sassaƙa hoto a katako a shafa launi a goga takarda a kai, launi yakan ratso ta baya, har ka ga sawun gugar da aka yi. Wannan ko alama. Na kara kyamarar waya, ɗigo-ɗigon tawada ne kawai. Ƙanina ya ƙarasa ni, minti biyu ya nemo min hoton a shafin gidan tarihin Met na New York, waɗanda tun 2017 suka saki irin waɗannan hotuna kyauta ga kowa. A gaban matata kuwa, wadda tun farko ta ce in bari.

Ya toshe lambata. Hirarmu da rasit ɗin banki duk na adana, zan ɗora su anjima in na rufe lambar asusuna.

Ku ce a nuna muku bayan takarda kafin ku tura ko sisi. Ni dai dubu 380 ta tafi.